Teburin Hajiya a ofishin harkokin ɗalibai: abin da na gani a shekara uku

Ni mutumin Jega ne. Shan-inna ta taɓa ni tun ina ɗan shekara biyu, don haka da keken guragu nake yawo. Yanzu ina aji uku a wata jami'a a nan jiharmu ta Kebbi, kuma ƙannenmu masu shirin shigowa sun dame ni da waya suna tambayar yadda ake yi da irinmu. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da teburin masu buƙata ta musamman da ke ofishin harkokin ɗalibai.

Tebur ne fa da gaske, kada wani ya zo yana neman ofishi mai labule. Yana can lungu bayan kabad ɗin fayil, mace ɗaya ke zama a kansa, kowa Hajiya yake ce mata. Ranar da na fara zuwa, na wuni a layin rajista har ƙura ta mayar da ni fari. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Ɗana, mi ka tahe da kai?" Na ce, "Hajiya, ɗaki nake nema, an ba ni a bene." Ba ta ce in rubuto takardar koke ba. Igiya ta ɗauko ta auna faɗin kekena, ta ƙulla alama, ta sa mayafinta muka nufi ɗakunan kwana. Ɗaki ta samo mani a ƙasa kusa da famfo, sannan ta gwada igiyar nan a ƙofar banɗaki, ta ga ƙofar ta gaza da kamar yatsa huɗu. Kafin la'asar kafinta ya cire ƙyauren ya rataya buhu. Buhun yana nan har yau, ba kyan gani, amma ina shiga da kaina ba tare da na tashi kowa da asuba ba. Wanda bai taɓa jiran a kai shi banɗaki ba, ba zai gane girman wannan ba.

To amma ƙarfin Hajiya iyakarsa ƙofar ofishinsu. Jadawalin darussa wani kwamiti ne ke tsara shi, kuma ba a gayyatarta zaman. Zangon farko na aji biyu, darussa uku cikin bakwai aka kai mana hawa na biyu. Abokaina huɗu ke ɗaukata, biyu gaba biyu baya, kamar buhun shinkafa za a ɗora a mota. Suna yi suna raha, Allah Ya saka masu, sai dai lokacin azumi ne, ga zafin Maris, ina jin numfashinsu a ƙeyata ina jin kunya. Hajiya ta bi shugaban sashe har sau uku kafin a sauko da darasi ɗaya. Sauran biyun aka ce ɗakunan ƙasa sun riga sun cika. Da an tambaye ta tun kafin a raba ɗakunan, da sunayenmu na cikin littafinta, mu goma sha wani abu ne kawai.

Akwai doka kuwa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mu ma an yi mana gangarar siminti a gaban ɗakin karatu, sai dai tsayuwarta kamar ta loda babur a akori-kura, kuma ƙarshenta a bakin kwata yake. Sau ɗaya na gwada ta, na gode Allah da haƙorana.

Abokin zamana makaho ne daga Yawuri. Shi ta hannun shirin JAMB na makafi ya rubuta jarrabawarsa, wanda aka fara a 2017, kuma har gobe yana yabon yadda aka kula da su. Da ya shigo sai ya tarar takardun lacca duk bugun takarda ne. Hajiya ce ke bin malamai ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su turo ta waya don manhaja ta karanta masa. Wasu na turowa a ranar, wasu su ce tsoron a yaɗa suke yi. Ranar jarrabawa tana samo masa mai rubutu da ƙarin lokaci, wannan kam ba ta taɓa saɓawa ba. Kurame su ne abin tausayi, don babu tafinta ko ɗaya, sai kwafar littafin maƙwabci.

Bara ta tafi aikin Hajji. Mako shida teburin na shan ƙura, duk wanda ka tambaya sai ya ce, "Sai ta dawo." A nan na tabbatar hidimar ta mutum ɗaya ce, jami'a ba ta saka ta cikin tsarinta ba tukuna.

In maki ake bayarwa, Hajiya biyar cikin biyar, teburin kansa biyu. Ƙannena, in kun samu gurbi, ku je wurinta a makon farko kafin a gama rabon ɗakuna, ku riƙe kwafin takardar asibiti da hoto biyu, kuma ku je da safe, don bayan azahar tana can tana zagayen sassa. Ku faɗa mata kwas ɗinku tun wuri. Jadawalin zango mai zuwa zai fito bayan hutu, na riga na ce wa mutanena huɗu kada su yi nisa.