Erjiyes: inda na kai yara wasan ƙanƙara daga Jidda

Tun da na ɗora hotunan nan a WhatsApp 'yan uwa na Makka da Madina suke ta kirana, wai ina ne nan, yaya kuka yi da sanyi, akwai abincin da mutum zai ci hankali kwance? To bari kawai in amsa wa kowa a nan.

Mu dai a Jidda muke, yarana uku duk nan aka haife su, iyakar sanyin da suka sani shi ne na mukayyif, wato AC, sai in mun hau Ɗa'ifa. Autarmu ce ta ga bidiyon dusar ƙanƙara ta zuba a Jabalul Lauz can wajen Tabuka ta kafa mana rigima, kullum Baba yaushe Baba yaushe. Ita kuwa ta Tabuka ba ta da alƙawari, yau ta sauka jibi ta narke, ba wadda za ka ɗauki ijaza, wato hutun aiki, saboda ita ba ce. Shi ya sa da hutun tsakiyar shekara ya matso muka zauna da uwargida muka ce a fita waje kawai, sau ɗaya dai a rayuwa.

Wurare uku na auna. Abokan aikina Larabawa kowa ka taɓa sai ya ce Jojiya, Gudauri, kuma gaskiya wurin ya haɗu a hoto, amma wajen kilomita 120 ne daga Tibilisi babban birnin ƙasar, awa biyu a mota kan hanyar dutse mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma in ka isa can to ka isa, babu wani babban gari kusa da za ka sulale ka shiga, ga shi duk abin da za ka kai baki sai ka tsaya tambaya halal ne ko a'a. Sannan maganar biza, mai jinsiyya, wato ɗan ƙasar Saudiyya, da mu baƙi masu iƙama (takardar zama) ba layinmu ɗaya ba, dan Allah kowa ya bincika nasa da kansa kafin ya sayi tikiti, kar ka ji abokin aikinka ya ce shi haka kawai ya shiga ka ɗauka kai ma haka ne. Na biyu Uluda a Bursa ta Turkiyya, mai dogon telefirik ɗin nan na wajen kilomita 9, wato keken da ke rataye a waya yana hawa da mutane saman dutse, sai dai kusancinsa da Istanbul ya sa ƙarshen mako ba masaka tsinke. Na uku shi ne wanda muka je, Erjiyes, shi ma a Turkiyya, in za ku nema a intanet Erciyes ake rubutawa.

Dutse ne guda a tsaye a kan garin Kayseri, tsohon dutse mai aman wuta, tsayinsa mita 3,917, duk tsakiyar Anatoliya babu wanda ya kai shi. Daga Jidda muka sauka Istanbul, muka canza jirgi zuwa Kayseri wajen awa ɗaya da rabi. Abin da ya ja ni shi ne daga cikin gari zuwa wurin wasan wajen kilomita 25 ne kacal, rabin awa ko ɗan fiye, titi mai faɗi ana share masa ƙanƙara. Don haka otal ɗinmu a cikin gari muka kama, ya fi na kan dutsen sauƙi nesa ba kusa ba, da safe mu hau da la'asar mu sauko.

Wurin ƙofofi huɗu gare shi, Tekir, Develi, Hisarjik da Hajilar. In ba ka taɓa taka ƙanƙara ba ka nufi Tekir kai tsaye, a nan ne gangaren yake da sauƙi, shagunan hayar kaya da wuraren abinci da masallaci duk suna nan, kuma shi kansa wajen mita 2,200 yake a sama. Hanyoyin gangarowa launi ake sa musu, kore da shuɗi na 'yan koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi kuwa ko kallonsa kar ka yi. Za ka ga ana tallar wai kilomita kaza na hanyoyi, wallahi mu ba abin da ya dame mu da wannan, kwana huɗu muka yi a gangare ɗaya tal kuma ya ishe mu.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Safar hannu ta ulu muka sayo wa yara daga kasuwar Balad ta Jidda, autar ta dunƙula ƙanƙara sau biyu sau uku safar ta jiƙe sharkaf, ko minti 20 ba a yi ba ta fara kuka tana miƙo min hannu, na cire safar na ga yatsun sun ƙandare ta kasa ma dunƙule su, na cusa su cikin rigata a hammata ina hura mata har suka dawo, uwarta kuwa ita ma hawaye take. Gabana ya faɗi sosai ranar. Muka shiga wani shago na saya mata sahlab mai zafi da kirfa a kai, irin dai wanda muke sha a nan lokacin sanyi, ta riƙe kofin da hannu biyu sannan ta yi shiru. A nan take na sayi safar da ruwa ba ya ratsawa ga kowa. Kar ku yi ƙoron wannan, da tabarau, don hasken rana in ya daki farar ƙanƙara ya dawo maka a ido kai kanka ba ka san ana ƙona ka ba sai dare ya yi ka ji kamar an zuba maka yashi. Man leɓe ma ku riƙe, kuma a sha ruwa da yawa saboda tudun yana sa ciwon kai da haki.

Inda raina ya ɓaci kuma shi ne wani shagon haya da muka fara shiga, mutumin ko gwada wa babban ɗana takalmin bai yi da kyau ba, yaro yana cewa ya matse shi yana cewa tamam tamam haka ake sawa, da yamma muka cire duk ƙaurinsa ya kwaile. Washegari muka canza shago, wannan ya zaunar da shi ya auna ƙafar ya tambayi nauyinsa kafin ya saita allunan zamiyar, ya ba shi hular kwano daidai kansa. Shagunan suna da yawa jere, ba dole sai na farkon da ya kira ka ba.

Mai koyarwa kuwa ku ɗauka ko na awa biyu ne, kuɗin nan ba asara ba ne. Namu Turancinsa kaɗan Larabci babu, amma da hannu da ƙafa ya nuna wa yaran yadda ake haɗe bakin allunan a gaba a buɗe baya in ana son tsayawa. Kwana na uku ina tsaye a ƙasa na hango babban yana gangarowa shi kaɗai, a hankali a hankali, ya zo daidai gabana ya tsaya cak bai faɗi ba, ya ɗaga tabarau ya ce Baba ka gani? Na kasa ce masa komai sai Masha Allah. Uwargida da ƙananan biyu su dai abin zamiyar nan na roba da ake zama a ciki suka riƙe, kizak suke ce masa, ta sa doguwar jaket a kan abayarta kuma babu wanda ya ko kalle ta, mata masu hijabi cike da wurin.

Sai iska. Saman dutsen fili ne fetal babu bishiyoyi, in iska ta taso tana watsa maka ƙanƙara a fuska kamar tsakuwa, kuma sukan tsayar da telefirik na can sama har ta lafa. Mun samu rana ɗaya haka, kuma a ranar ne na gode wa Allah da ban kama ɗaki a kan dutse ba. Muka juyo gari kawai, muka yi azahar a masallacin Hunat Hatun wanda matar wani sarkin Saljuƙawa ta gina tun 1238, ga tsohuwar ganuwa ta baƙin dutse a gefensa, muka shiga rufaffiyar kasuwa, muka ci manti, wato mantu ɗinmu na Makka da Jidda ne sak amma nasu mitsi-mitsi ne da kindirmo da tafarnuwa a kai. Kapadokiya ma, sanannen wurin yawon buɗe idon nan, wajen awa ɗaya ce a mota ga mai sha'awa, mu dai ba mu samu zuwa ba.

Alwala ku yi ta tun daga otal ku riƙe, cire takalmin nan a mayar aiki ne babba, mu da yake matafiya ne ƙasaru muka riƙa yi. Kuma ku lura makarantun Turkiyya suna hutun sati biyu wajen ƙarshen Janairu, lokacin cunkoso da tsada ke nan, mu mun sha da ƙyar muka baro kafin ya shigo.

Mai tsoho ko mai ciwon zuciya ko asma ban ce ya kai shi saman nan ba sai ya ji ta bakin likita. Mai jariri ma ya haƙura tukuna. Amma mai yara daga shekara biyar shida zuwa sama, ni dai Erjiyes zan nuna masa, kwana biyar sun isa, uku a dutse biyu a gari. Bastirma da sujuk ɗin da muka ci a can, wato busasshen namansu da tsiran-alade na naman sa, har yanzu yara suna zancensu, kuma babban ya riga ya fara tara riyal ɗinsa a gwangwani wai baɗi in Allah ya kai mu hanyar shuɗi zai hau tun daga sama.