Mayar da kaya a kasuwar gwanjo ta intanet ta eBay: yadda yake ga mai saye daga Sakkwato

Tsarin eBay na mayar da kaya yana da adalci idan abin da ya iso ya saɓa wa bayanin da aka yi, domin mai saye yana da kwana 30 ya kai ƙorafi, kuma mai sayarwa ne ke biyan kuɗin aikawa. Idan kuwa ra'ayi kawai ka canza, sai abin da mai kaya ya gindaya, kuma aika agogo ko waya daga Sakkwato zuwa Amurka yakan ci kuɗi mai yawa. Abin da ya fi damuna shi ne, da yawanmu ta hannun dillalan jigila muke karɓo kaya, alhali wannan kariyar ba ta shafi kayan da aka sake turowa ta wani adireshi ba.