Me za ka zaɓa idan sikirif ɗinka na nesa za su riƙa rubutu wuri guda?

Duk mai tura aiki da PowerShell, manhajar ba kwamfuta umarni ta Microsoft, zuwa kwamfutoci masu nisa, wata rana zai so dukansu su riƙa ƙara lamba a ƙidaya ɗaya. A nan ake yin tuntuɓe.

[hashtable]::Synchronized, teburin bayanai da ayyuka da yawa ke iya rubutu a cikinsa tare, ba shi da laifi, sai dai ƙarfinsa bai wuce cikin manhaja ɗaya a kwamfuta ɗaya ba. Shi kuwa $using:, mai kai bayani daga kwamfutarka zuwa sikirif na nesa, idan ka haɗa shi da Invoke-Command, umarnin tura aiki nesa, kwafi kawai yake aikawa, abin da aka canza a can ba ya dawowa. Wannan ya taɓa ƙona ni: na kwana ina jiran ƙidayar kwamfutoci 12, gari ya waye tana nan a sifili. Fayil ɗin da kowa ke rubutu a ciki, wani zai shafe na wani. Memcached, manhajar ajiyar bayanai ta wucin gadi, da an kashe shi komai ya tafi.

Ni dai Redis na riƙe, rumbun bayanai da kwamfutoci da yawa ke iya amfani da shi tare, wanda Salvatore Sanfilippo ya fitar a 2009. Umarni ɗaya yake zartarwa a lokaci guda, shi ya sa ko kwamfuta ɗari suka aika INCR, umarnin ƙara ɗaya a ƙidaya, tare, lamba ko ɗaya ba ta ɓacewa. In kulle kake so, wato kwamfuta ɗaya kaɗai ta yi aiki a lokaci guda, yi SET da NX, wanda ba ya rubutawa sai in babu wanda ya riga ka, ka sa masa wa'adi da PX, ta yadda ko kwamfutar da ta riƙe shi ta mutu, zai buɗe da kansa. Kada dai ka karanta da GET, ka ƙara, ka mayar da SET, don a wannan ratar lissafi ke lalacewa. Wanda sauyin lasisin Redis na 2024 ya dama, ga Valkey nan, reshen da aka cire daga Redis, umarnansu ɗaya.

Amma don Allah a yi hattara da masu sayar da saba (kwamfutar haya a intanet) mai arha, suna cewa "an gama saita komai". Wasu ƙofa 6379, wadda Redis ke karɓar umarni ta cikinta, suke bari a buɗe ga duk intanet, babu kalmar sirri, ɓarayi su shiga su dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto a kan kuɗinka. Kafin ka biya, ka aika PING da redis-cli, manhajar aika wa Redis umarni, daga wata kwamfuta ba tare da kalmar sirri ba. In ka ga NOAUTH, wato yana neman kalmar sirri, madalla. In PONG ya dawo, tashi ka bar wurin. Haka a PowerShell Gallery, shafin sauke modul na PowerShell, duba sunan modul harafi bayan harafi da wanda ya wallafa shi, don na jabu harafi ɗaya kawai suke sauyawa.