Gorar ruwan ɗan makaranta: roba, silba, alminiyum ko kwalba?

Duk lokacin da hutu ya zo ƙarewa, teburan 'yan kasuwa a Sabon Gari da bakin titunan unguwanni kan cika da gorunan ruwa kala-kala, masu hoton 'yan katun da masu igiyar ratayawa. Yaro ya nuna wadda ta burge shi, uba ya taya, a biya. Kafin mako uku murfi ya tsage ko ruwa ya jiƙa littattafai a jaka, sai a koma ba shi kuɗin fiya wata. Yaron da ke shan leda biyu kullum, kwana biyar a mako, a shekarar karatu mai mako 39, ya zubar da leda 390 ke nan, kusan jaka 20 tunda kowace jaka guda 20 ce a ciki. Gida mai yara biyar ya doshi leda 2,000. Ledar nan ita ke toshe kwata da damina, ita kuma mahauta ke zarowa a dunƙule daga tumbin akuya da saniya.

Sai dai gorar da za a riƙa sauyawa kowane zangon karatu ba ta rage shara ba, ba ta kuma rage kashe kuɗi ba. Arha ba ta ado. Abu uku ke nuna ko gora za ta yi ƙarko: abin da aka ƙera ta da shi, murfinta, da faɗin bakinta.

Roba: ku juya gindinta

A ƙasan kusan kowace gorar roba akwai wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. Lambar ce ke faɗin irin robar, kuma ta fi duk wani bayanin mai shago amfani.

Lamba 1, wadda ake rubuta wa PET, ita ce robar ruwan gora da lemon kwalba. An yi ta don a sha a yar. Jikinta siriri ne, tana lanƙwashewa da zarar ruwa ya kai wajen digiri 70, bakinta kuma tsukakke ne, soso ba ya shiga. A sake cika ta sau ɗaya ko biyu da ruwan sanyi ba laifi, amma ba gorar zango guda ba ce. Ku lura kuma da irin waɗanda ake tsintowa a wuraren biki a ɗura zoɓo da kunun aya: ba robar ce babbar matsala ba, wankin da ba a yi mata ba ne.

Lamba 5, wato PP, ita ce ta fi dacewa da yaran firamare. Tana jure ruwan zafi, ba ta saurin fashewa in ta faɗi, ba ta da nauyi. Yawanci jikinta ɗan dishi-dishi ne, ba garau ba. Lamba 2 ma tana da kyau ga ruwan sanyi, irin robar jarkoki ce. Lamba 3 da lamba 6 kuwa a bar su a kan tebur.

Lamba 7 ce mai rikitarwa, domin kwandon tarkace ce: duk robar da ba ta shiga sauran shidan ba nan ake jefa ta. A cikinta akwai PC, roba mai tauri garau kamar gilashi, wadda ake haɗawa da sinadarin BPA. Sinadarin yana iya tsiyayowa cikin ruwa, musamman in robar ta tsufa ko an zuba mata abu mai zafi, kuma yana kwaikwayon wasu sinadaran da jiki ke sarrafa kansa da su. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012. A cikin lamba 7 ɗin dai akwai Tritan, wadda ita ma garau take amma ba BPA a cikinta. Idan gora mai lamba 7 ba a rubuta mata Tritan a jiki ko a kwali ba, ku ɗauka PC ce. Wadda ba lamba ko kaɗan, ko wadda kuka buɗe kuka ji warin roba ya daki hanci, ba ta cancanci bakin yaro ba ko nawa aka rage.

Raunin roba guda biyu ne. Ba ta riƙe sanyi, don haka a watan Afrilu ruwan da aka ɗura da safe ya zama ruwan wanka kafin tara ta biyu. Sannan tana karcewa, kuma a cikin karcen ne datti da wari ke maƙalewa. Gorar da cikinta ya yi fari-fari da zane-zane ta gama aiki.

Silba: ba duk mai ƙyalli ba ne

Ƙarfe marar tsatsa, wanda kowa ke kira silba, shi ne ya fi daɗewa, amma iri-iri ne. Ku nemi inda aka buga 304 ko 18/8, a gindi ko a cikin gorar. Ma'anarsa kashi 18 cikin ɗari kuromiyum ne, kashi 8 nikel, haɗin da ke hana tsatsa ko da an zuba abu mai tsami. Masu arha da yawa 201 ne, an rage musu nikel an ƙara manganis. A ido ba bambanci, sai bayan watanni ku ga ɗigo-ɗigon tsatsa a cikin gindi da kan layin walda, musamman in ruwan rijiyarku na da gishiri-gishiri. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba ya raba gardama, domin duka biyun ba su cika kama shi ba. Abin da zai taimaka shi ne ku haska fitilar waya a ciki: cikin ya kasance sumul, ba kaushin walda, ba baƙin tabo.

Akwai mai bango ɗaya, akwai mai bango biyu irin na filas. Mai bango ɗaya ba ta da nauyi kuma ta fi arha, amma zafin waje yana ratsa ta nan take, in an sa ƙanƙara kuma sai ta yi gumi ta jiƙa littafi. Mai bango biyu an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayen, shi ya sa zafi ba ya samun hanyar wucewa. Ruwan sanyi na kaiwa tashi daga makaranta har Islamiyyar yamma. Gwada ta abu ne mai sauƙi, kuma gara a yi ranar da aka saya: ku cika ta da tafasasshen ruwa, ku rufe, ku jira minti biyar, ku taɓa tsakiyar jikinta. In ya ɗau zafi, iska ta riga ta shiga tsakanin bangayen, ku mayar. Faɗuwar da ta lotsa ta sosai ma tana jawo haka, kuma ba ta gyaruwa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: kamfanoni da yawa suna toshe ramin da aka zuƙe iskar da ɗan ɗigon dalma a gindi ta waje, sannan su rufe shi da faifan ƙarfe ko roba. Ba ya taɓa ruwan sha. Amma in faifan nan ya ɓalle, ɗigon ya bayyana, kada a bar wa yaro ita, domin dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara.

Mai bango biyu tana da abin da ba ta so. Kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo da fura da nono suna tsami su tara iska in sun daɗe a rufe, murfi ya ƙi buɗuwa ko ya yi tsalle ya daki fuska. Shayi mai madara da ya huce ya zama ɗumi-ɗumi kuwa ya shiga yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa, tsakanin digiri 5 da 60. Kada kuma a sa gorar a firiza: sanyin ba zai shiga ba, in ma ya shiga ruwan zai kumbura ya ɓata ta. A zuba ƙanƙara ciki kawai.

Alminiyum da kwalba ba sa buƙatar dogon bayani. Gorar alminiyum shafal take, amma dole sai an shafe cikinta da wani siririn fenti, wanda in ya karce ko gorar ta lotsa, tsamin zoɓo ko tsamiya zai fara cin ƙarfen. Da ita gara silba mai bango ɗaya. Kwalba ta fi kowa tsabta, ba ta riƙe wari, ba ta sauya ɗanɗano, amma wurinta tebur ɗin ofis ko ɗakin malamai, ba jakar yaron da ke buga ƙwallo ba.

Murfi ne ke fara mutuwa

Da wuya a yar da gora don jikinta ya lalace; kusan kullum murfi ne. Mai murɗawa zalla ya fi kowanne ƙarko domin ba abin da zai karye. Mai maɓallin dannawa yana da daɗin sha, amma ɗan maƙalin robarsa da sifirin ɗinsa ba sa jure faɗuwa a siminti. Mai bututun zuƙa yara ƙanana sun fi so, shi ne kuma ya fi wuyar wanki. In ba za ku sayi siririn buroshinsa ba, ku haƙura da shi.

A cikin murfi akwai zoben roba mai laushi da ke hana yoyo. Ku tabbatar ana iya cire shi a mayar, domin a ƙarƙashinsa fumfuna ke taruwa ta yi baƙi. Kafin a biya, a roƙi mai shago ruwa, a zuba, a rufe, a kife, a girgiza sosai. Baki kuma ya kai faɗin santimita biyar ko fi, yadda buroshi da gutsuren ƙanƙara za su shiga.

Batun girma, lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Masana lafiyar yara kan ba da shawarar kada jaka ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro, don haka yaro mai kilo 20 iyakarsa kilo biyu zuwa uku har da littattafai. Ɗan nazare da 'yan ajin farko mililita 350 zuwa 500 ta roba mai lamba 5 ta wadatar. Daga aji huɗu zuwa sakandare, silba 304 mai mililita 600 zuwa 750. A rubuta sunan yaro da fenti ko a kai wa mai zanen ƙarfe, don ɓata a makaranta ta fi karyewa cinye goruna.

Wanki, da ruwan da za a ɗura

Kullum da yamma a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a cire zoben murfi, a kife a bar ta a buɗe ta bushe. Rufe gora da danshi a ciki shi ke kawo wari. Sau ɗaya a mako a zuba ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda da ruwan ɗumi ta kwana, ko ruwan khal kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu. In baki ya yi tsuku, a zuba ɗanyar shinkafa cokali biyu da ruwan sabulu a girgiza. Soson waya yana karce roba da silba duka. Ruwan bilic yana huda silba sannu a hankali. A roba kawai ake amfani da shi, ƙaramin cokali ɗaya a lita guda, a ɗauraye sosai. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe numfashi.

Gora ba ta tace ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa iyaye da yawa suka fi amincewa da fiya wata, kuma tsoron kwalara da taifot ba wasa ba ne. In ruwan famfo ne ko na rijiya ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tsabtace ruwa bisa ma'aunin da ke jikinsa a jira minti 30. Mai laka a fara kwantar da shi da alif a tsiyaye. A juye a randa mai murfi da moɗa guda da ba a sha da ita. Randa tana sanyaya ruwa ne domin yana nasowa ta jikin yumɓu iska ta busar da shi ta tafi da zafin. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa a lokacin, ya gina randa-cikin-randa ta adana kayan lambu, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000. Dabarar tana aiki ga gora mai bango ɗaya: a saka ta cikin jiƙaƙƙen safa a rataye inda iska ke bugawa, kamar yadda direbobin hamada a Nijar ke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu.

Sauran kayan jaka

Ma'aunin ɗaya ne ga mazubin abinci: silba 304 ko roba mai lamba 5. Farin mazubin nan mai kama da soso lamba 6 ne, wanda Jihar Legas ta haramta a Janairun 2024, kuma shi da leda ba su dace da abinci mai zafi da mai ba. Ƙaramar kula tana riƙe zafi sosai in aka fara cika ta da tafasasshen ruwa na minti biyar, aka zubar, sannan aka zuba abincin yana tururi.

Jaka kuwa a duba zif da inda aka ɗinke hannuwa, nan take fara yagewa. Ta gwanjo mai kaurin yadi sau da yawa ta fi sabuwa mai sheƙi, kuma baduku ko tela zai sauya zif a kuɗi kaɗan. A nemi mai aljihun gefe, gora ta zauna a tsaye nesa da littattafai. Tsohuwar kalanda tana yin bangon littafi mai kyau, ragowar shafukan bara a haɗa a ɗinke su zama littafin gwaji. Gorar silba da ta gama aiki 'yan gwangwan za su saya a kilo. Ledar da ta taru a gida kuwa a tara ta wuri guda ga masu sayen roba, kada a hura gawayi da ita, domin hayaƙin na shiga ƙirjin mai girki da yaron da ke goye a bayanta.