Gidan Makama ya biya ni

Jiya na kai yarana Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, nan kusa da gidan Sarki, wallahi ban so fitowa ba. Ginin kansa tarihi ne, tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa yake, ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, ga hotunan shigowar Turawa Kano a 1903, amma abin da ya fi taɓa ni shi ne malamin da ya zagaya da mu, yadda ya dinga zubo labarin Barbushe da gunkinsu Tsumburbura a dutsen Dala har zuwa Bagauda, Sarkin Kano na farko, kamar yadda kakata ke ba mu da daddare, yaran ko motsi ba sa yi. Kudin shiga ba yawa. Ku je da safe, ku yi ta tambaya.