Takunkumin gurbi a Microsoft Access: abin da wata shida suka nuna mini

Ni ke riƙe da rajistar wata ƙungiyar direbobin tasi a Abuja, kuma kafin mu koma kan Microsoft Access, manhajar adana bayanai, babu abin da ya fi ba ni wahala kamar lambar mota, domin kowane magatakarda da irin tasa rubutawar: wani ya sa ƙananan haruffa, wani ya bar tazara, wani kuma ya manta da layin tsakiya, har mota ɗaya ta fito sau uku a rajista.

Maganin da manhajar ta tanada shi ne takunkumin da ake ɗora wa gurbin fom (input mask a Turance), wanda ba ya barin a rubuta komai sai abin da ya dace da tsarin da aka gindaya. Sifili yana nufin dole a sa lamba, 9 lamba ce ta ganin dama, L kuwa harafi ne na dole. Tun da lambar motar Najeriya haruffa uku ce, sai lambobi uku, sai haruffa biyu, na rubuta >LLL\-000LL;0;_ sannan na gwada. Alamar farko tana mayar da haruffa manya, saboda haka ko yaron ofis ya buga kuj, allon zai nuna KUJ na Kuje. Sifilin da ke bayan waƙafi mai ruwa shi ke sa a adana layin tsakiya tare da lambar. Ranar da yaron ya yi ƙoƙarin cusa lamba ta huɗu kwamfuta ta ƙi karɓa, sai ya juyo ya ce, "Yallaɓai, ai ta fi ka tsanani."

Lambar waya da NIN, masu lambobi 11 kowacce, ba su ɗauke ni minti biyar ba, sai dai dole gurbin ya zama na rubutu, ba na lissafi ba, in ba haka ba sifilin farkon 0803 zai ɓace.

Amma a sani cewa takunkumin siffa kawai yake dubawa, ba gaskiya ba, don lambar ƙarya mai cikakken adadi wucewa take yi lafiya lau. Haka kuma bai shafi bayanan da aka kwaso daga Excel ba, kuma a nan ne na yi sakaci, sai da na zauna na gyara tsohuwar rajistarmu da hannu, layi bayan layi.