Rumfar littattafan gwanjo a Yaba: abin da mai neman Kant da Hegel zai tarar

A cikin rumfunan littattafan gwanjo na Yaba akwai wata da ɗaliban falsafa na Jami'ar Legas suke yawan zuwa, kuma 'yan'uwanmu daga Agege da Idi-Araba sun fara leƙa ta. Rumfa ce ƙarama, da ƙyar mutum biyu suke gifta juna a ciki, amma kanta guda a can ƙurya cike take da falsafar Jamus ta tsakanin 1781 da 1831, wato daga fitowar babban littafin Kant zuwa mutuwar Hegel. Kaya akwai su. Inda gizo ke saƙar shi ne mai rumfar da kauri da kyan bango yake yanka farashi, bai damu da wanda ya fassara ba, alhali a wannan fanni mai fassara shi ne rabin kuɗin.

Mu fara duba babban littafin Kant ɗin, Critique of Pure Reason. Kant ya fitar da shi a 1781, ya sake fitar da shi a 1787 bayan ya sauya wasu manyan sassa, shi ya sa masana suke kiran na farko A, na biyu B, kuma da waɗannan haruffa da lambar shafin asali, waɗanda ake bugawa a gefen shafi, ake ambaton shafi a ko'ina. Rumfar tana da fassara uku. Ta Meiklejohn, wadda aka yi a 1855, ita ta fi yawa kuma ta fi araha, amma bugu na biyu kaɗai ta bi, kuma kwafin da ke kan kantar ba su da lambobin gefe. Idan malami ya ce a duba B274, inda Kant ya ƙara raddi ga masu shakkar samuwar abubuwan da ke wajen tunaninmu, mai wannan kwafi sai ya yi ta lalube. Ta Kemp Smith ta 1929 tana da lambobin, kuma Turancinta yana tafiya sumul. Ta Guyer da Wood ta 1998, mai kusan shafi 800, ta kawo sassan A da B a cike. Kafin ka yi tayi, buɗe tsakiyar littafin ka dubi gefen shafi. In babu A da B, mayar da shi.

Wannan kulawa tana da dalili. Kant cewa ya yi hankali ba tabarma ba ne da duniya ke zuwa ta zauna a kai. Wuri da lokaci, da rukunan fahimta 12 irin su sababi da jauhari, daga hankalinmu suke, da su muke tsara duk abin da ido da kunne suka kawo. Saboda haka abu yadda ya bayyana mana muke sani, zatinsa kuwa ya fi ƙarfinmu. Wanda ya karanta mandiƙi a zaure ya san maƙulat goma na Aristotle, zai ji ƙamshin gida a nan. Wanda kuma ya san yadda Imam Gazali ya musanta cewa lallai wuta ce da kanta ke ƙona auduga, zai gane irin tambayar da Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, ya tayar a kan sababi, wadda Kant ya zo amsawa. Hujjar da ta ɗauki nauyin wannan gini duka tana cikin sassan da aka sake rubutawa a 1787, kuma har yau ana jayayya a kan wanne bugu ya fi ƙarfi. Mai bugu ɗaya rabin muhawarar yake riƙe da shi.

Ga sabon shiga, akwai Prolegomena na 1783, siriri, wanda Kant da kansa ya rubuta don sauƙaƙa hanya. Mai rumfar yana sayar da shi da arha saboda ba shi da kauri. Shi ya kamata a fara saya.

Fichte da Schelling, masana falsafar Jamus biyu da suka zo tsakanin Kant da Hegel, su ne rumfar ta gaza a kansu. Na Fichte ɗan ƙaramin littafinsa na 1800 kaɗai ake samu, babban aikinsa na 1794 sai an ba da sautu a jira. Na Schelling babu ko ɗaya. Giɓin nan babba ne, domin Fichte ne ya ƙi yarda da zatin da ba a iya sani, ya kafa komai a kan “Ni” mai tabbatar da kansa, Schelling kuma ya mai da hankali ga halitta. Wanda ya tsallake su daga Kant zuwa Hegel kamar wanda ya shiga tsakiyar shari'a ne bai ji ƙara ba.

Hegel kuwa yana nan birjik. Littafinsa na 1807, Phenomenology of Spirit, akwai shi a fassarar Baillie ta 1910 da ta Miller ta 1977. A ɗauki Miller, saboda ya sa wa kowane sakin layi lamba har 808, kuma a ƙarshe akwai sharhin Findlay da ke bin su ɗaya bayan ɗaya. Sanannen sashen nan na ubangida da bawa yana daga 178 zuwa 196, shafuka kaɗan ne amma sun isa karatun mako. A kula da kalmar Jamusanci Geist, wadda Hegel yake yawan amfani da ita. Mai karatu Bahaushe yana ganin an fassara ta da ruhu sai tunaninsa ya tafi ga aljanu ko abin da ke fita daga jiki. Abin da Hegel yake nufi ya fi kusa da hankalin al'umma yadda yake bayyana a harshe da doka da al'ada da tarihi.

Abin da za a guje wa shi ne ƙananan takardun taƙaitawa da aka jera a bakin ƙofa don masu jarabawa. Kusan dukkansu sun mai da Hegel lissafin matakai uku: magana, kishiyarta, sai haɗinsu. Wannan tsari ya fi kusa da Fichte, kuma wani marubucin tarihin falsafa, Chalybäus, ne ya yaɗa shi a kan Hegel bayan mutuwarsa. Ɗalibin da ya haddace shi zai buɗe Miller ya neme shi ya rasa.

Akwai kuma laccocin Hegel na tarihi a fassarar Sibree ta 1857, waɗanda aka tattara har da rubutun ɗalibansa aka buga a 1837. A nan ne ya fitar da Afirka ta kudu da Sahara daga tarihin duniya. A saya, a karanta da ido buɗe. Lokacin da yake wannan lacca a Balin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana mulki a Sakkwato, kuma tun 1812 ya gama Infaƙul Maisuri, littafin tarihi sukutum. Maganar Hegel a nan jahilci ce, kuma karanta shi da kyau ne yake ba mutum damar nuna inda ta saɓa wa hujjojinsa shi kansa.

Sai lafiyar kayan. Danshin Legas ba ya barin takarda, musamman da damina. Shanshana littafin, in yana warin hunhuna to zai shafa wa sauran da ke gida. Dubi gindin bango ko akwai ƙananan ramuka na gara. Wasu kwafin masu sheƙi hoto aka ɗauka aka manne da gam, ana gane su da baƙin layi a tsakiyar shafi da lambobin gefe da wuƙar yanka ta cinye, kuma gam ɗin yakan saki kafin a kai rabi. Tsohon bugu mai ɗinkin zare, ko bangonsa ya koɗe, ya fi su daɗewa. Ƙirga shafukan ƙarshe ma, don fihirisa ce ke fara zubewa.

Mai rumfar yana barin mutum ya tsaya ya duba ba tare da takura ba, yana karɓar taransifa, kuma ana ciniki da shi. Ba ya karɓar kaya in an dawo da su. Ranar Asabar da hantsi ake buɗe sababbin kwalaye, kuma in za ka ba da sautu, rubuta masa sunan mai fassara da shekarar bugu a takarda, in ba haka ba Meiklejohn zai kawo maka.